Jojiyar da Na Sani

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da surukan gidanmu suka zo cin abincin rana a unguwar Ka'akiyya ta Makka ba. Ko yanzu idan na tuna ina cikin wanke-wanke, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in fara da kaina. Ni ba a kai ƙarshen magana a gabana. Kana tsakiyar zance na riga na gane sauran, na ba ka amsa, na ƙara maka da shawara. A Makka aka haife ni, a unguwar Nakkasa na girma, kuma in ka cire Jidda da Madina da Ɗa'if, sau ɗaya tak na taɓa fita: shekarar da maigidana ya kai ni hutu ƙasar Jojiya, wadda mutanen nan suke rububin zuwa idan zafi ya matsa. Na ga duwatsu masu ƙanƙara a ka, na hau wata mota mai tafiya a jikin igiya (idona a rufe, ina ta salati), na ci burodinsu mai cuku da ƙwai a tsakiya. Mako guda muka yi, amma na yi shekaru ina cin ribarsa a duk zaman mata.

To, akwai Amani, ɗiyar yayata da ta rasu, wadda ke kirana Khala, kakarta kuwa Sitti, irin na Larabcin Makka. Mahaifiyarmu, Inna, ita ta riƙe ta tun tana rarrafe, kuma tun da aka rushe unguwarmu su biyu suke zaune a ƙasan benen Yaya Usman. Amani ke ɗiga wa Inna maganin ido, ita ke tura ta a keke idan za su Harami, ita kaɗai ke iya ɓoye mata kwalbar sukari ba a yi faɗa ba. Da mai neman aure ya fito, wani yaro Nura, ɗan Kano da iyayensa suka daɗe a waje, kowa ya yaba da shi, yarinya ma tana so. Abin da ya tsaya wa kowa a rai shi ne Inna. Wa zai gaya mata za a tafi da Amani, kuma in ta ce ba ta yarda ba, kowa ya san Amani ba za ta tsallake maganarta ba.

Matar Yaya ce ta kira ni a waya. Ta ce, "Matsalar dai nisa ce, don a Jojiya suke zaune, can cikin..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce Jojiya? Jojiyar da na je? Wannan ce nisa? Na ajiye waya, na zura abaya, na nufi gidan. Na zauna a gefen gadon Inna na kwantar mata da hankali. Na ce garin nan a bayan gida yake, mutum zai yi azahar a Jidda ya yi magariba a can. Na ce duk wata Amani za ta zo, kai, ko atishawa Inna ta yi za ta iya zuwa ta yi mata addu'a ta koma. Inna ta tambaye ni, ta sake tambaya, ni kuwa har da rantsuwa, tunda da ƙafata na je. A ranar ta sa wa auren albarka.

Da na fito, Yaya Usman ya dube ni ya girgiza kai, ya ce, "Ke kam Allah ya ba ki dabara." Na ce masa ba dabara ba ce, fita duniya ce. Ya yi dariya, ni ma na yi, ashe ba abu ɗaya muke yi wa dariya ba.

Aka ɗaura aure, aka shiga jiran takardun tafiya, wata da watanni. Ni na naɗa kaina mai shirya amarya. Na ja ta shagunan Aziziyya na saya mata rigunan sanyi masu nauyin bargo, da safar hannu, da takalmi mai gashi a ciki. Duk sanda ta so yi mini musu ta ce, "Khala, bas Nura ya ce...", sai in katse ta, in ce namiji bai san sanyi ba. Na koya mata gaisuwarsu, kalma ɗaya da na dawo da ita. Abu ɗaya ne ya ɗan dame ni. Sau da yawa idan ya kira ta bayan la'asar, sai in ji ta ce masa ya tashi lafiya. Na ce a raina yaron nan akwai barci, amma ba zan ɓata aure a kan wannan ba. (Na dai ja ta gefe na ce ta riƙa tashinsa da wuri.)

Takardu suka fito, biki ya matso, uwar ango ta iso da 'yan uwanta mata. Hajiya Rabi sunanta, doguwar mace mai magana a hankali. Aka shirya musu abincin rana a falon Yaya, aka kawo Inna aka zaunar da ita a kujerarta. An yi shinkafa da nama, an yi sambusa, ni kuma na yi kwana biyu ina gwaji har na gasa burodin nan mai cuku da ƙwai, don baƙi su ji kamar suna gida.

Suna shigowa na sha gaban kowa, na riƙe hannun Hajiya Rabi, na ce, "Gamarjoba!"

Ta yi murmushi ta ce lafiya lau, ta ɗan kalli Amani. Daga baya ta ce ta ɗauka Larabcin Makka ne.

Na tura mata burodin gabanta ina jiran ta yi mamaki. Ta gutsura, ta yaba, ta ce ba ta taɓa cin irinsa ba. Na tausaya mata. Na ce a raina irin mutanenmu ke nan, su yi shekara talatin a gari ba su san abincin garin ba. Na tambaye ta ya suka baro ƙanƙara. Ta ce ai su ƙanƙara ba ta cika sauka wajensu ba, in ma ta ɗan zubo sai a rufe makarantu, kowa ya ruga kanti ya kwashe burodi da madara. Ta ce abin da ya dame su zafi ne, zafi mai gumi, kamar an rufe mutum a tukunya. Na ce mata cikin ladabi wataƙila unguwarsu ce a kwari. Na tambayi inabi, ta ce su gyaɗa suka sani, da auduga, da kaji.

Duk mai hankali a nan zai tsaya. Matar Yaya tana ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin ledar abinci, Amani ta sunkuyar da kai kamar ta shige cikin faranti. Ni kuwa na gyara zama na fara yi wa matar da ta yi rabin rayuwarta a gari bayanin garinta. Na ba ta labarin duwatsu, na ce lallai ta sa Nura ya kai ta ta hau motar igiya. Na ƙare da tambayar wace unguwa suke a Tibilisi, babban birnin ƙasar.

Ta ce, "A ina?"

Na maimaita. Ta ce su a gefen Atlanta suke.

Na ce, "To, to. Ta wajen filin jirgi ke nan?"

"Akwai filin jirgi kam, babba ma. Amurka dai, Hajiya."

Ban san sanda na ce mata ai Jojiya ba a Amurka take ba. Ta ajiye cokalinta a hankali ta ce, "Tamu dai a can muka same ta."

A lokacin komai ya haɗu a kaina, da barcin Nura, da dabarar da Yaya ya yaba. Ashe kowa a gidan ya san jiha ce a Amurka. Sun haɗa baki kada a ambaci sunan ƙasar a gaban Inna har a sami hanya, sai ga ni na zo da tawa Jojiyar, suka ɗauka ƙarya na shirya don in rarrashi tsohuwa, suka bar ni a kai. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, amma da na juya na ga fuskar Inna sai kunyar ta koma tsoro.

Inna ba ta dube ni ba. Sai ta dubi Hajiya Rabi, ta ce, "Hajiya, gaya mini gaskiya. Tafiyar nawa ce?"

Matar nan ba ta rage komai ba. Ta ce yini ne da kwana, da canjin jirgi a hanya, da teku a tsakani. Ta ce idan muna la'asar a nan, su lokacin suke fita aiki da safe. Ta ce zuwa sau ɗaya a shekara za ta iya yin alkawarinsa, fiye da haka sai abin da Allah ya yi.

Inna ta daɗe tana jan carbinta. Amani ta matso ta durƙusa a gabanta tana hawaye, ta ce, "Sitti, in kin ce a fasa, khalas, shi ke nan, an fasa." Na san da gaske take, kuma na san ni na jawo.

Maimakon amsa, Inna ta tambayi Hajiya Rabi wace irin ƙasa ce, me ake ci. Ita kuma ta shiga ba ta labari kamar su biyu ne a ɗakin. Ta ce arewacin jihar tuddai ne da gidajen kiwon kaji, kudanci kuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce har bakin teku, inda manyan jiragen ruwa ke sauke kaya. Ta ce ko'ina itatuwa ne, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ƙasar kuma ja wur, in ta kama farin kaya sai an sha wuya. Ta ce ba a zuwa ko'ina sai da mota, kuma cunkoson Atlanta da safe ya kusa kamo na Aziziyya a kwanakin Hajji. Ta ce tana da ɗan shago na kayan miya, kuma kuɓewa da wake ba sai an yi odarsu ba, mutanen can ma suna ci. Gyaɗa kuwa gonakinta ido ba ya ganin ƙarshensu, har dafa ta suke yi da gishiri su sayar a bakin hanya.

Inna ta ɗago. "Dafaffiyar gyaɗa? Turawan?"

"Da Turawan da baƙaƙen, kowa ci yake."

Inna ta ce ita a Makka aka haife ta, ba ta taɓa ganin gonar gyaɗa ba. Amma uwarta, wadda ta zo Hajji a ƙafa ba ta koma ba, har ta rasu ba ta daina zancen jar ƙasar garinsu da gyaɗar kaka ba. Ta ɗora hannu a kan Amani ta ce, "Tashi. Ba a fasa ba. Ki je ki gano mini."

Bayan baƙi sun tafi ta sa aka kira mu, ni da Yaya da matarsa. Ta ce su biyun sun yi mata ƙarya da saninsu, ni kuwa da zuciya ɗaya na yi tawa, kuma ba ta san wadda ta fi muni ba. Na durƙusa zan ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

"Ban yi fushi ba. Amma da na san gaskiya, da watannin nan ban bar ta ta kwana a wani ɗaki ba. Kin sa na yi ta ɓarnar kwanaki kamar ina da su da yawa."

A ranar Amani ta jawo katifarta zuwa gefen gadon Inna, a nan ta kwana har ranar da muka raka ta Jidda.

Tun daga lokacin, duk garin da aka ambata a gabana sai na tambayi wanne. Kwanan baya maƙwabciyata ta ce za ta Madina, na ce wace Madinar? Ta yi mini kallon wadda ta fara taɓuwa. Ban damu ba, wannan kallon ya fi mini sauƙi.