Kada Ka Kai wa Dangi Mura

"...ya gajiya, bawan gidanmu? Ai tun daga bakin titi na hango wani ya duƙufa a kan tebur yana soshe-soshe, na ce wannan ba ya wuce Alkasim."

"Ba gajiya, sai ta ganinki. Zauna, amma ja can gefe, kada mutanen kirki su zaci tare muke."

Hureira ce, taubashiyarsa. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifinta ce, shi ya sa tun suna yara a Kano take kiransa bawanta, shi kuwa yake kiranta da duk abin da ya zo bakinsa. Karatu ya sake haɗa su a Kuala Lumpur, ita tana harhaɗa magunguna, shi yana digirin digirgir a kan lafiyar namun daji. Yau ga su a shagon mamak, irin shagunan shayi da abinci na Indiyawan garin, da ke ƙasan gidajen ɗalibai a Bukit Jalil, bayan azahar, cikin watan Maris na 2022, an fara sassauta dokar kulle amma kowa da takunkuminsa.

Jibi Alkasim zai tashi zuwa Uganda. Kwana biyar zai yi yana bin sawun gwaggon biri a duwatsun Bwindi, biyar kuma yana bin birai masu ganga a dajin Kibale. Sau biyu korona tana rushe masa tafiyar nan, malaminsa kuma ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa babu ɗagi na uku, a watan Agusta karatunsa zai ƙare, da babin binciken dajin a kundinsa ko babu. To, ana cikin haka sai ga tari ya sauka masa tun shekaranjiya. Bawan Allah sai haɗiye shi yake yi, har idanunsa sun kaɗa.

Hureira ta jawo taswirar da ya baje a tebur. "Nan ne garin naku? Masha Allah. Shekara talatin ana neman asalinka, ashe ga shi a takarda."

"Ke ya kamata ki je. In suka gan ki ba sai an nemi izini ba, sarauta za su ba ki."

"Ni 'yar namiji ce, ko a dawa uwargijiya nake. Me ka tanada musu na tsaraba? Kada ka je hannu rabbana ka kunyata mu."

"Ba a ba su komai. Ba a ci a gabansu, ba a nuna su da yatsa. In babban namijin ya taso yana dukan ƙirji, sai ka durƙusa ka sunkuyar da kai."

"Kai, amma sun burge ni! Abin da na yi shekara ashirin ina koya maka ka ƙi, biri zai koya maka a yini ɗaya."

"Su suna da furfura a gadon baya, sun cancanta. Ke me gare ki ban da baki?"

"Bakin ne ya raine ka. Ka ce ana hawan dutse awa nawa?"

"Ya danganta. Masu bin sawu suna fita tun da sassafe, su nemo inda suka kwana, su bi karyayyun rassa da kashinsu. Wata ran awa biyu, wata ran shida."

"Awa shida? Kai da in na'urar hawa bene ta lalace sai ka kwana a masallacin ƙasa?"

Ya so ya yi dariya, sai tarin ya taso. Ya danne shi da ƙyar, ya kurɓi shayi, ya zaro alawar tari daga aljihu ya jefa a baki ta ƙarƙashin takunkumi. Garin zarowa sai ɓawon alawa kusan goma suka zubo ƙasa. Hureira ta kalli ɓawon, ta kalle shi, ta gyaɗa kai.

"Lallai biri ya yi kama da mutum. Da ma tun da na ji muryarka a waya da safe na ce akwai magana."

"Wace magana? Sanyin na'urar ɗakin karatu ne."

"Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa. Yi tarinka, ba wanda zai kama ka."

Ya ɗauko waya da sauri ya miƙa mata, har da ɗaga hanci. "Duba nan, malamar magani. Gwajin jirgi, jiya aka yi. Babu korona. Karanta, ko in fassara miki?"

"Na gani, barka. Babu korona. Mura fa?"

"Mura kuma wani ciwo ne? Wa ya taɓa fasa tafiya don mura?"

"Wai! Wanzami ba ya son jarfa. Wane ne ya tsare ni a shagon nan bara, har gurasata ta roti ta huce, yana ba ni labarin yadda murar mutane ta shiga garken birai ta kashe musu 'ya'ya? Wane ne ya ce jininsu kusan namu ne, amma ba su san cututtukanmu ba? Ni ce na faɗa, ko ɗan gidan wa?"

Alkasim ya karɓi wayarsa ya ajiye. Shi ne ya faɗa, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi ci masa rai ke nan: ya fi kowa sanin cewa takardar nan ta jirgi ce, ba ta dawa ba. A bakin daji ba wani gwaji, tambaya ce kawai. Kowace safiya shugaban masu bin sawu zai tsaya ya ce ko akwai mai tari ko atishawa, wanda ya ce babu ya wuce. Takunkumi ya rufe hanci, alawa ta rufe maƙogwaro, shi ke nan. Kwana biyu ke nan yana shirya wannan "babu" ɗin a ransa, yana jin kunyar kansa.

"Akwai tazara," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Taku goma tsakaninmu da su. Ga takunkumi."

"Su ma sun san dokar? Kai ka nuna min hoton ɗan ƙaraminsu ya zo yana jan igiyar takalmin wani Bature."

"Kafin in isa ya warke."

"In bai warke ba fa?"

"Hureira, shekara biyu. Shekara biyu ina zaune a ɗaki ina kallon birai a kwamfuta. In na faɗa musu, ranakun nan a ƙayyade suke, wani za a ba. In koma gida in ce wa Kawu, mahaifinki, me? In ce hanci ya kayar da ni?"

"Ka ce masa bawa ya yi halin 'ya'ya, zai yi mamaki amma zai gode wa Allah."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma yau na kusa dainawa."

Ruwa ya kece a waje, irin na garin nan da ba ya sallama. Masu shago suka hau jawo kujeru ciki. Hureira ta juya kofinta a hannu, ba ta kalle shi ba.

"Ka tuna Hajiya Ɗelu?"

Kakarsu ce su biyun. Ta rasu a Kano cikin watan Afrilun 2020, lokacin da aka yi ta binne dattawa, su kuwa suna nan a kulle, ta waya suka yi kukansu.

"Kada ki sa ta a wannan maganar."

"Ita ta sa kanta. An ce a daina shiga wajenta, ta ce ita ba a rufe mata ƙofa, zumunta a ƙafa take. Har yau ba a san wanda ya kai mata ba. Amma na san abu ɗaya, Alkasim: ko wane ne, ba da mugunta ya je ba. Gaisuwa ya je. Ƙila har da goro ya riƙe mata. Kuma na rantse a hanya ya ce wa kansa mura ce kawai."

Maganar ta soke shi har ƙashi. Ya daɗe yana jin haushin wannan mutumin da bai sani ba, yana cewa ina ma ya zauna a gidansa. Bai taɓa zaton wata rana shi zai tsaya a bakin ƙofar wasu, da ƙaunarsa da uzurinsa, yana neman shiga ba.

Ya ja wayar. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Ya gaya wa shugaban masu bin sawu cewa yana tari, ba zai shiga daji ba sai ya warke sarai, in akwai gurbi daga baya ya gode, in babu ya fahimta. Ya tura wa malaminsa irinsa. Ya danna, sannan ya kife wayar.

"Shi ke nan, kin kashe ni. In babin nan ya tashi babu komai, ke zan zauna in nazarta. Halayyar ba ta da nisa."

"Sai ka nemi izini a rubuce." Ta buɗe jaka ta fito da wata 'yar kwalba, garin yaji ya ɗan rage a gindinta, ta turo masa. "Ungo. Ka yi tapau ɗin miyar kaza, a ƙunshe maka ka tafi da ita ɗaki, ka barbaɗa, safe da yamma. Na citta ne da masoro, dakan Hajiya. Na ƙarshen da ta aiko."

Ya riƙe kwalbar da hannu biyu, ya daɗe yana kallonta.

"Shekara biyu kina rantse min ya ƙare."

"Ya ƙare mana, ga maƙaryata. Yau ka faɗi gaskiya."

Dariya ta ƙwace masa, idonsa cike da ƙwalla, dariyar kuma ta jawo tarin. Wannan karon bai haɗiye shi ba. Ya juya mata baya, ya sa fuska a gwiwar hannu, ya yi shi son ransa har na teburin kusa suka waiwayo.

"Na sallama, uwargijiya," ya ce da ya samu numfashi. "Ja kujerarki baya, kada ke ma in kai miki."