Yadda Ɗalibar Lauya Za Ta Samu Ɗaki Kusa da Jami'a

Ƙanwata, barka da samun gurbin karatun lauya. An sha murna, an sha addu'a, saura wurin kwana. Ɗakunan makaranta sun cika tun kafin a manna sunayenku, wannan na sani. Kwantar da hankalinki. Ki bi matakan nan, na ba ki tabbacin cikin mako guda makulli zai shigo hannunki. Ni ma su na bi, ga ni nan da raina da lafiyata.

1. Ki fara sanin abin da ake nufi da tsaro a gidanku

Tsaron iyaye daban, naki daban. Ni abin da nake nema ruwa da wuta, da inda zan taka da ƙafa in isa aji. Baba kuwa sharaɗi uku ya kafa: ƙofa mai sakata biyu, fitila a layin, da babban mutum a gidan wanda zai san shigata da fitata.

"In ba ki samu ba kafin a koma," in ji shi, "sai ki zauna gidan kawunki."

Gidan Kawu yana can ƙarshen gari, mota biyu ake shiga. Malamin da ke ɗaukarmu da ƙarfe takwas kuwa an ce takwas na bugawa yake rufe ƙofa, ko 'yarsa ce a waje. Ki nemi irin wannan barazana ki rataya a wuya. Mai neman ɗaki ba da tsoro ba, yawon buɗe ido yake yi.

2. Ki koyi yaren dillali

Dillali ba ya ƙarya, yarensa ne ba ki iya ba. In ya ce "minti biyar zuwa jami'a", a jirgin sama yake nufi. "Akwai ruwa" na nufin da damina, ta rufin ɗaki. "Unguwar shiru ce" kuma, kowa ya tashi ya bar ta.

Nawa dillalin ana ce masa Sai-Kin-Gani, domin ba shi da wata amsa. Akwai banɗaki a ciki? "Sai kin gani." Ƙofar tana kulluwa? "Sai kin gani." Na gani kuwa. Ɗaki na farko da ya kai ni, tagarsa tana kallon injin niƙa. Ya ɗaga murya ya ce, "Ai ba kullum suke aiki ba!" Sau biyu ya maimaita kafin in ji.

3. Kada ki je ke kaɗai, ki ɗauki goggo

Kowane dangi akwai goggo guda wadda ba abin da ke burge ta. Ita za ki ɗauka. Tawa ba ta gaisawa da mai gida sai ta gwada ƙofa da kafaɗa. A gida na uku ƙofar ta biyo ta har tsakar ɗaki.

"Kun ga na taimake ku," ta ce, tana kaɗe zanenta. "Da ɓarawo ne, ba zai tsaya ya gaya muku ba."

Goggo takan buɗe famfo ta tsaya jiran sa kamar mai jiran baƙo. Takan shinshina bango. Daga nan ta wuce wajen mai shagon layin ta sayi ashana ɗaya, ta dawo da tarihin gidan kaf, har da dalilin tashin ɗan hayan baya.

4. Ki rufe bakinki a kan abin da kike karantawa

Nan ne na yi ɓarin da ya kusa kai ni gidan Kawu. A rana ta huɗu muka samu ɗaki mai kyau, ƙofar ma ta jure kafaɗar Goggo. Mai gidan, wani dattijo mai fara'a, har ya miƙo makulli, sai ya ce, "'Yata, me kike karantawa?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Lauya, Baba. Kuma zan so a rubuta yarjejeniya, kowa ya san haƙƙinsa."

Makullin nan ya koma aljihu a hankali.

"Ayya, na tuna," in ji shi, "ashe jiya na yi wa wani alkawarinsa."

Gida biyu bayan nan, duk haka aka yi. Sai-Kin-Gani ya ja ni gefe, karo na farko da na ji ya yi doguwar magana. "Ƙanwata, masu gida sun fi tsoron lauya a kan gobara. Gobara in ta ci ta wuce. Ku kuwa in an je kotu, sai a ce a dawo wata mai zuwa."

5. Ki zaɓi karatun da ba ya tsorata kowa

Kada ki ce likita, za a kawo miki ciwon gwiwa. Kada ki ce injiniya, famfon gidan zai zama naki. Ki nemi abin da ba wanda zai ƙara tambaya a kai.

Saura kwana biyu a koma muka isa gidan Inna, tsohuwar ma'aikaciyar jinya wadda mijinta ya rasu ya bar ta da gidan. Ɗakin na ƙarshen baranda ne, da taga babba, da sakata biyu, ga fitila daidai ƙofar gida. Daga tsakar gida ana hango hasumiyar jami'a. Inna ta dube ni ta saman tabarau.

"Me kike karantawa?"

Goggo ta take mini ƙafa.

"Tsirrai, Inna," na ce.

"Madalla. Masu tsirrai ba su da fitina."

A ranar na kwashe kayana.

6. Ƙaryarki 'yarki ce, ke za ki raine ta

Ki naɗe bayan littattafanki da jarida. In kina gwajin tsayuwa gaban alƙali a ɗaki, ki rage murya. Ni wata rana na shagala na ce, "Ya mai shari'a, ban yarda ba!" Inna ta leƙo ta taga. Na ce mata ai an gano tsiro yana son a riƙa yi masa magana.

Babbar matsalar ita ce bishiyar lemon tsakar gida, wadda marigayi ya dasa da hannunsa. Ganyenta ya fara rawaya, Inna ta kira ni, gwanar tsirran gida. Na zagaya bishiyar sau biyu ina gyaɗa kai, na ce a rage mata ruwa. Bayan mako biyu na ce a ƙara. Bayan wata guda na ce a bar ta ta huta. Har yau hutawa take yi.

7. Ki san ranar dainawa

Wata Laraba na dawo daga aji da la'asar, na tarar da Inna zaune a baranda da takardu a cinya, da biro a hannu.

"Zo, 'yar nan, idonki sabo ne. Ƙanen marigayi ne ya kawo. Ya ce sabunta takardun gida ne kawai, in sa hannu nan da nan, gobe zai zo ya karɓa."

Na karanta shafin farko, na koma na sake. Ba sabuntawa ba ce. In ta sa hannu, ta ba shi ikon sayar da gidan duk ranar da ya ga dama. A makon nan aka koya mana irin wannan takarda, har na samu maki mai kyau.

In na yi bayani, asirina ya tonu, ga gidan Kawu yana jira. In na yi shiru, tsohuwar da ke ajiye mini ruwan zafi kowace safiya za ta wayi gari a titi. Ban daɗe ina tunani ba, amma ba zan ɓoye miki ba, na yi.

"Inna, kada ki sa hannu." Na bi mata layi-layi, na fassara.

Ta ajiye biron. Sannan ta ce, "Tsirrai ne suka koya miki wannan?"

"Ki yafe mini, Inna. Lauya nake karantawa. Tsoro na ji kada ki hana ni ɗakin."

"Farar riga biyar da baƙin siket biyar kike shanya mini a igiya duk Asabar. Kin ɗauka ban taɓa wucewa ta gaban kotu ba? Tun makon farko na sani."

"To me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Ina so in ga ko lauyar tana da gaskiya. Lemon ne dai ya biya kuɗin binciken."

Washegari na kai ta wajen wata malamarmu da ke duba wa mutane irin waɗannan takardu kyauta. Da ƙanen marigayi ya zo da yamma, ya tarar da malamar zaune a baranda tana shan shayi, takardarsa a gabanta. Ya gaishe su a tsaye, ya ce dama wucewa yake yi. Gidan yana nan a hannun Inna, ni ma a ɗakin na gama karatuna.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin duk abin da ya biyo bayan faɗin gaskiya. Ni dai Inna ba ta kore ni ba, abin da ta yi ya fi haka: ta gaya wa unguwa. Asabar ɗin da ta biyo na buɗe ƙofa na tarar da mutum bakwai a kan benci, kowa da takarda a leda. Ga tela, ga mai shago, ga wata mata da akuyar maƙwabci ta cinye wa shanya. Na ce musu ni fa ajin farko nake, ban iya komai ba tukuna.

Inna ta ɗago daga kujerarta ta ce, "Kunya ce da ita. Tela, kai ka fara zuwa, shiga."

In hakan ta same ki, kada ki neme ni. Ki nemi lauya.