Rasuwar Abrewa, Kwamfutar da Na Yi wa Ƙazafi

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Kwaku Bempah, mai shagon buga takardu a bayan kasuwar Asafo a nan Kumasi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da masu kawo mini aiki rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da Abrewa, wato Tsohuwa. Ta cika ranar Talatar makon jiya da hantsi, a kan teburinta, bayan shekara goma sha ɗaya a hannuna. Shekarun da ta yi a ƙasar Turawa kafin a sauke ta a tashar jirgin ruwa ta Tema, wannan sai Allah.

Marigayiya mai haƙuri ce. Kullum da safe takan gaishe ni da "tirin-tin", ko da kuwa jiya an ɗauke wuta sau shida tana tsakiyar aiki. Da ita na tsara katunan biki da takardun coci da sanarwar mutuwar mutanen da ban san adadinsu ba. Ta taɓa shan miyar gyaɗa ta madannanta, ta yi kwana biyu harafi ɗaya yana maƙalewa, ta warke ba ta kai ƙarata ko'ina ba.

Ba zan ɓoye ba, ni na fara sa mata ciwo. Duk abin da ya shigo shagona, a fuskarta nake zube shi. Da farko hoton tafkin Bosomtwe ne a fuskar, amma an yi shekara bakwai rabon da wani ya ga ruwan. Fayil a kan fayil, kamar tumatir ranar kasuwa. Sunayen da nake raɗa musu kuwa: "sabo", "sabo 2", "na ƙarshe", "na ƙarshe na gaskiya", "wannan za a buga", da kuma "kar a buga wannan". Har ta kai in na kunna ta, sai in je in sayo koko in shanye kafin ta gama buɗe ido, fankarta tana "ƙirrr" kamar tsohuwar da ta hawo bene.

Sista Abrafi, mai gyaran kwamfuta a ƙarshen layinmu, ta sha yi mini faɗa.

"Kwaku, ko akuya ta san makwancinta. Buɗe folda mana. Biki daban, mutuwa daban, kowa da sunansa da shekararsa. Aikin yini ɗaya ne."

"Sista, ni na san inda komai yake."

"Haka mahaukacin bakin tasha yake cewa game da tsummokaransa."

Har ma'ajiyar waje ta sa na saya, don in riƙa kwafe aikina a ciki. Tana nan cikin kwalinta. Da ita nake danne takardu kada iska ta kwashe su.

Ga yadda ajali ya zo. Mako uku da suka wuce, Anti Konadu daga garin Bekwai ta turo mini hoton mahaifinta, Opanin Gyamfi, wanda ya rasu, in buga sanarwar jana'izarsa. Na ajiye hoton a fuskar Abrewa da sunan "baban Konadu". Na manta shekara biyu baya ita wannan Konadu ta kawo mini hoton ƙanin mahaifin nata, Opanin Frimpong, lokacin bikin cikarsa tamanin, shi ma na sa masa "baban Konadu" da wata lamba a gaba. Ranar bugawa ina sauri, na ga tsoho cikin zanen kente yana murmushi, na ɗauka. An buga ɗari biyu. Direban da ya zo karɓa bai buɗe ƙunshin ba, waɗanda aka ba aikin liƙawa kuma ba dangi ba ne.

A can Bekwai, Opanin Frimpong ya fito da safe zai je gaisuwa, ya tarar da fuskarsa a bangon coci, a jikin turken wuta, har a ƙofar shagon mai aski, da rubutu a sama cewa ya tafi gida. An ce mai sayar da doya ta gan shi ta bar tirenta ta ruga.

Washegari ya shigo mota ya zo shagona da kansa, Anti Konadu tana biye da shi, idonta ja wur. Ya shimfiɗa takardar a kan teburina, ya gyara zaman mayafinsa a kafaɗa.

"Ɗana, kai ne Bempah? Na zo in ga wanda ya kashe ni ne, tunda asibiti ba su sanar da ni ba."

"Nana, ranka ya daɗe, don Allah ka zauna."

"Zan zauna. Matattu ba sa sauri."

Anti Konadu ba ta da lokacin wasa. "Kwaku, ubana yana kwance a ɗakin ajiye gawa, ka sa gari yana yi mana dariya. Yaya aka yi?"

A nan ne ya kamata in durƙusa in ce laifina ne. Maimakon haka na nuna Abrewa da yatsa. Na ce ta tsufa, ƙwayar cuta ta shige ta, ita ke musanya hotuna da kanta. Ina faɗa tana gefe tana "ƙirrr", tana ta aikinta.

"To buɗe hoton ubana in gani," in ji Anti Konadu, ta zagayo ta tsaya a bayana.

Na kama linzamin kwamfutar. Na buɗe "baban Konadu 3", wani ango ne. Na buɗe "baba sabo", takardar filin wani ce. Na buɗe "baba na gaskiya", sai ga Opanin Frimpong ya sake fitowa yana murmushi. Tsohon ya leƙo, ya dubi fuskar kwamfutar, ya ce, "Kai, wannan ai kasuwar Kejetia ce ranar jajiberin Kirsimeti."

Ban san lokacin da shawarar ta zo mini ba. Na miƙa ƙafata ƙarƙashin tebur, na taka wayar wuta, na fizge ta daga bango. Fuskar Abrewa ta yi baƙi. Na ɗaga hannu sama na ce, "Kun gani ko? Abin da nake fama da shi ke nan."

Opanin Frimpong ya girgiza kai cikin tausayi. "Ƙyale shi, Konadu. Ƙarfe ba shi da hankali. Yaron nan ba shi da laifi."

Bayan sun tafi na mayar da wayar. Abrewa ba ta ce "tirin-tin" ba. Daga cikinta na ji "ƙyas, ƙyas, ƙyas" sau uku, ta yi shiru. Kalamanta na ƙarshe ke nan.

Sista Abrafi ta zo ta kwance ta, ta kai ma'ajiyar cikinta unguwar Adum wurin waɗanda suka fi ta kayan aiki, ta dawo bayan kwana biyu ta ce babu abin da za a iya cirowa. Kafin ta fita ta leƙa ƙarƙashin teburina, ta dube ni.

"Waya dai ba ta zare kanta, Kwaku."



An sake buga sanarwar a shagon maƙwabcina da hoton da ya dace. Na je Bekwai da rana tsaka na bi bango ina ɓare fuskar rayayye ina liƙa ta mamaci. Da na gama, Opanin Frimpong ya aika a kira ni, ya sa aka daka mini fufu da miyar akuya, yana ta ba ni haƙuri a kan asarar na'urata. Da zagina ya yi, da abincin ya fi sauƙin haɗiya.

Akwai abin da ya fi wannan. Hotunan mahaifiyarmu, Maame Pokuaa, duk suna cikin Abrewa, har da muryarta da na ɗauka tana waƙar coci watanni kaɗan kafin ta rasu. Hotunan na asali kuwa, ruwa ya ci su shekarar da rufin gidanmu ya yaye. Shekara biyu yayata Dufie tana roƙona in tura mata, 'ya'yanta su san fuskar kakarsu. Kullum amsata ɗaya: "Suna ciki, zan nemo." Ba ƙi na yi ba. Ban san sunan da na sa musu ba ne. Da na gaya mata Abrewa ta mutu, sai ta ce a waya, "Ba komai, Kwaku, abin duniya ne." Ita ma na bar ta a kan cewa tsufa ne.

Marigayiya ta rasu ta bar firinta ɗaya, na'urar buga takardu, wadda tun ranar ba ta karɓi takarda ba. Linzami mai ɗingishi. Madannai da rabin haruffansu suka goge. Da ni, wanda bai cancanci a lissafa shi cikin masu makoki ba.

Za a yi zaman gaisuwa ranar Asabar mai zuwa a ƙofar shagona, daga ƙarfe tara na safe. Ba a buƙatar zanen makoki, ja ko baƙi, ba za a kafa rumfa ba, babu makaɗa. Sista Abrafi za ta cire abin da zai amfani wasu daga jikin marigayiya, sauran a miƙa wa masu tara tsohon ƙarfe. Mai son yi wa marigayiya alheri ya koma gida ya buɗe folda, ya sa wa hoton uwarsa sunan uwarsa.

Ina roƙon wanda ya fara karanta wannan a Bekwai ya karanta wa Opanin Frimpong da ƙarfi, don kunnensa ya yi nauyi. An ajiye masa kujera a gaba, shi da Anti Konadu, in sun ga dama.

Dufie, ke kuma ba zan aiko kowa ba. Da an tashi zan zo gidanki da ƙafata, ita wannan ƙafar, in tsaya a ƙofa har sai kin ce in shigo.