Rasuwar Na'urar Gwajin Sukari ta Malam Abdulfatah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta ƙi zama wuri guda, iyalan Malam Abdulfatah tela na unguwar Ali Kazaure ke sanar da rasuwar na'urarsa ta gwajin sukari, wadda ta cika ranar Litinin da hantsi, tana da shekara huɗu a duniya.

Marigayiyar ba ta taɓa ƙarya ba, shi ya sa ba su cika jituwa da maigidan ba. Ɗigon jini ɗaya take karɓa kowace safiya, ta ce "tit", ta tona abin da ya ci a ɓoye. Sista Obianuju ta asibiti ce ta haɗa su, ta koya masa karanta lamba da auna tuwo da dunƙulen hannu. Ta kuma gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa sukari ido yake ci, tela kuwa da idonsa yake ciyar da gida. Malam ya ce ya ji. Mun san irin jin.

Ciwon ajali ya faro ne daga wani suna a Laranto, inda Malam ya ci alkaki uku ya kora da lemo. Washegari marigayiyar ta nuna ɗari uku da goma sha biyu. Ya ce batir ne, ya shanya shi a rana. Ta maimaita. Ya bubbuga ta a tafin hannu kamar tsohuwar rediyo, ba ta canza magana ba. Bugun ƙarshe a jikin keken ɗinki aka yi shi. Ta ce "tiii", fuskarta ta yi fari.

Ta bar tsinken gwaji goma sha ɗaya, da allurar huda yatsa, da mutum ɗaya da ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya shiga shago, ya fito, ya duba yatsa, ya koma. Jiya da kansa ya rage tuwo, ba wanda ya ce masa. Tsoro ne, mu ma ya kama mu, don yau sau biyar zare na kuskure masa kafar allura.

Za a raka ta ranar Alhamis da ƙarfe tara zuwa ajin masu ciwon sukari na Sista Obianuju, ajin da Malam ya yi wata bakwai bai leƙa ba. Masu ta'aziyya kada su zo da lemo. Malam ya roƙi a bar masa benci na gaba, don yanzu in ya zauna a baya ba ya ganin allo.