Rasuwar Stoyka, Mai Gadin Hawa na Shida

Da zuciya mai nauyi, cike fal da baƙin ciki, Kolyo Vasilev, tsohon mai gyaran lif a nan garin Pleven, yana sanar da mazauna wannan bene rasuwar kwamfutarsa Stoyka, tana da shekara goma sha tara a duniya.

A bakin bola ya tsince ta, ya goge mata ƙura, ya sa mata manhajar Linux. Ba ta da allo, ba ta da madannai. A cikin kabad ɗin baranda take zaune tsakanin kwalaben tattasai, duk intanet ɗin gidan ta cikinta yake bi, Kolyo kuma daga falo yake mata magana ta wata ƙaramar kwamfuta. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarta "vuuu", sai ranar zafi ta ƙara da "trrr".

A lokacin kaka ya gina mata katangar tsaro ta intanet, don ya gano akwai baƙi daga Brazil har Koriya masu ƙwanƙwasa ƙofofinta. Tana rubuta zuwan kowa, shi kuma yana karantawa da kofin kofi, yana tunanin irin hularsu. Bai taɓa sanin ana nemansa haka a duniya ba.

Cutar ajali daga hannunsa ta fito. Ya rubuta dokar "a hana kowa" kafin ya rubuta "ban da Kolyo", ya danna. Marigayiya mai biyayya ce. Ta hana Brazil, ta hana Koriya, ta hana Kolyo. Ta kuma hana, a fahimtarsa, kiran bidiyon da 'yarsa Radostina kan yi daga birnin Valencia kowace Lahadi, wanda ya ɗauke tun ranar da Kolyo ya ce mijinta ba ya iya riƙe guduma. Lahadi uku shiru. Shi kuwa uba ne, ba ya fara kira. Ya tsuguna gaban kabad yana lallashi: "Haba 'yar nan, ni ne fa." Ya zare wuta ya mayar sau ashirin da ɗaya. A na ƙarshe ta ce "ƙit, ƙit, ƙit", ta yi shiru, da dukan ƙofofinta a kulle. Tun daga ranar intanet ɗin gidan kai tsaye yake shigowa.

Ta rasu ta bar fanka ɗaya mai rai, igiyoyi shida da ba a san na mene ne ba, da wani firinta da ba su taɓa jituwa ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya a bayan gareji, kafin motar masu tsohon ƙarfe ta iso. Za a raba dafaffiyar alkama ta sadakar mamaci da barasar da ake kira rakiya. Mai kawo furanni ya kawo biyu ko huɗu, kamar yadda ake kai wa mamaci. Gancho na hawa na biyu kada ya zo da sukudireba.

Ana kuma roƙon masu ta'aziyya kada su maimaita abin da Nedyalka ta hawa na huɗu ta faɗa jiya a matakala, da tukunyar alkama a hannu:

"Kai tsoho, yau kwana goma gidanka a wangame, ba katanga ba mai gadi. To, 'yar taka ta kira?"