Man Injin da Ya Yi Kumfa

Da dizal ya yi tsada, na ce wa yayana Alhaji Sale ya kwantar da hankalinsa, ai shekara ashirin ina koyar da kimiyya a Haɗeja. Da man suyar kifi zan haɗa wa injin ban-ruwansa mai. Littafi ya ce a zuba wa man sifirit da busasshiyar soda. Ni da na fi littafi sani, na zuba ruwan toka a duron man. Shinkafarsa ta fadamar Auyo tana jiran ruwa.

Da safe na buɗe duro gaban jama'ar gida. Matarsa ta dangwala, ta murza, sai ga kumfa.

"Malam, wannan ai tun kakanninmu muke yin sa. Sabulu ne."

Har yau in na doshi fadama, Alhaji sai ya ɗaga murya: "Injiniya, a taimaka, rigata ta yi datti!"