Rasuwar Sannu-Sannu, Kwamfutar Masu Karatun Asabar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya gaji da kallon bango huɗu, Malama, tsohuwar malamar firamare kuma mai riƙon littafin Ƙungiyar Karatun Asabar, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarta ta cinya, wadda aka fi sani da Sannu-Sannu. Marigayiyar ta cika ranar Asabar da ta wuce, da ƙarfe huɗu da minti uku na yamma, a kan teburin cin abinci, a hawa na uku, cikin wata na biyar da hana fita saboda annoba. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya, wanda a danginsu tsufa ne tukuf.

Marigayiyar ba sabuwa ta shigo gidan nan ba. Ɗan Malama ne ya gama jami'a da ita, ya cilla ta saman kwaba, ta shekara shida a can tana shan ƙura ba ta ce uffan ba. Da aka rufe gari, ɗan ya bugo waya daga inda yake aiki, ya ce da uwarsa, ita da ke fama da asma, ko matakala kada ta taka. Shi ne ya tuna da kwamfutar. Ta waya ya yi kwana uku yana koya wa Malama inda ake dannawa, har sai da uwa da ɗa suka kusa ɓatawa.

Kowa ya shaida haƙurin marigayiya. Tun da aka san ta, ba a taɓa ganin ta yi gaggawa ba. Malama kan danna mata maɓalli, ta je ta ɗora ruwan shayi, ta sha, ta wanke kofin, ta dawo ta tarar da ita tana miƙa. An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, to a kanta aka ga ƙarshen zancen. Batirinta ya riga ta tafiya da shekara bakwai, don haka a jikin bango take rayuwa, kuma wayar cajin ma sai an tokare ta da babban ƙamus kafin ta kama. Idonta ya yi hazo, amma ba a yi ƙorafi ba, domin kowa ya fi ƙuruciya a cikinsa. Tana da wani tari da ke fitowa daga fankar cikinta in ta ɗau zafi. A duk benen nan, ita kaɗai ce take tari a lokacin annoba ba a guje ta ba.

Babban aikin da za a tuna ta da shi shi ne riƙe ƙungiya. Shekara goma sha uku ke nan ana haɗuwa a bayan shagon Tela duk Asabar da ƙarfe huɗu. An fara da mutum tara, aka rage huɗu: Malama, da Tela, da Direba, da Ungozoma. Allura ta cinye idon Tela, ɗinki yana yinsa da lalube amma rubutu ya gagare shi, shi ya sa a bayyane ake karatu, littafi ɗaya, babi ɗaya a mako. Kuma akwai doka. Tun ranar da aka kama Direba ya leƙa ƙarshen wani littafi ya zo ya fesa wa jama'a, Tela ke ɗinke babin ƙarshe da jan zare kafin a fara, kuma shi kaɗai ke yanke zaren a gaban kowa. Ranar da aka rufe gari, littafin na cikin jakar Malama, labarin wata mata da ke bin tashoshin jirgin ƙasa tana neman ƙaninta, an karanta babi huɗu kacal.

Ta bakin marigayiya aka ci gaba. Malama ba za ta manta da sautukan da suka riƙa fitowa daga wannan baki ba, bayan tarin da ƙugin:

"Kuna ji na? Ni dai bakinku kawai nake gani yana motsi." Direba ke nan, wanda wata biyar goshinsa da silin ɗakinsa kaɗai aka gani.

"Direba, sauke wayar nan ƙasa, mun haddace silin ɗinka." Ungozoma ke nan.

"Malama, koma baya layi biyu, tsohuwarki ta haɗiye su." Wannan Tela ne, kuma ba Asabar ɗin da bai faɗa ba.

Wanda bai zauna shi kaɗai wata biyar ba, ba zai san girman wannan hidima ba. Daga ƙofar Malama zuwa taga taku goma sha ɗaya ne, ta auna har ta gaji. A ƙasa shaguna ne a kulle, da wani kare da ya mai da tsakiyar titi ɗakinsa. Maƙwabciya kan ajiye cefane a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta gudu kafin a buɗe. Matar da ta shekara talatin tana tsawata wa aji sai ta wayi gari tana gyaran murya don ta ji ko muryar tana nan. Daga Lahadi zuwa Juma'a gidan kurkuku ne mai labule. Ranar Asabar sai Sannu-Sannu ta buɗe ido, mutum uku su shigo ɗakin ba su taka matakala ba.

Rashin lafiyar ajalinta ba a jikinta ya soma ba. Makonni uku da suka wuce, aka buɗe taro babu fuskar Tela. Ungozoma ce ta faɗa: an kai shi ɗakin killace masu annoba. Da yake ta san wata nas a can, ta roƙa har aka ba shi minti goma duk Asabar a wayar ɗakin, ba ƙari. A cikin minti goman farko aka ƙarasa babin da ke kusa da na ƙarshe, karatu ya zo ya tsaya cak a kan jan zare. Sai muryar Tela ta fito ta bakin marigayiya, yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma:

"Malama, yanke zaren nan kawai. Na yafe dokar. Ina so in ji ko ta same shi."

Malama ta ƙi. Ta ce da shi wanda ya ɗinka shi ke warwarewa, ya tashi ya zo ya yanke abinsa. A ganinta dabara ta yi, ta ba mutum dalilin tashi daga gado, irin yadda take yi wa ɗalibai masu son jiki. Tela ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

"To, Malama. Ke da taurin kai, sai Allah."

Wannan ce magana ta ƙarshe da aka ji daga gare shi.

Kafin Laraba Malama ta gane ta yi kuskure, kuma ba ƙarami ba. Ta hana mai ƙishirwa ruwa don ya tashi ya je rijiya. Ta yi ta zarya tsakanin ƙofa da taga, babu hanyar gyara sai Asabar ta zagayo. Ranar ta fito da almakashi tun hantsi ta ajiye kusa da littafin, ta danna maɓalli da ƙarfe uku don a ba tsohuwa lokacinta. Tsohuwa kuwa ranar ta zaɓa ta yi gyaran cikinta, wani zobe ya yi ta juyawa a fuskarta kusan awa guda, fanka na tari. Da ƙarfe huɗu da minti biyu fuskoki suka bayyana: goshin Direba, Ungozoma, da Tela a kwance da roba a hanci. Malama ta ɗaga almakashin don ya gani. Sai aka ji ƙyas, sai ƙauri, sai duhu. Abin da ya rage a gilashin fuskar Malama ce ita kaɗai, riƙe da almakashi.

An yi iya yi. An hura mata iska, an bubbuga ta, an gyara zaman ƙamus, ɗan Malama ya yi ta cewa ta waya a danne maɓallin a ƙirga talatin. An ƙirga talatin sau bakwai. Shagon mai gyara ana hango shi daga taga, da ƙaton kwaɗo a ƙofarsa.

Marigayiya ta rasu ta bar wayar caji guda mai ɗaurin salatif, da linzamin kwamfuta mai tafiya inda ya ga dama, da jaka wadda zif ɗinta ya mutu, da ƙamus wanda yanzu ba shi da aikin yi. Ta bar ƙanwarta, 'yar ƙaramar waya mai maɓallai, wadda ke jin magana amma ba ta nuna fuska. Ta bar masu karatu huɗu, uku a kulle a gidajensu, ɗaya a gadon asibiti.

Malama na so a sani ba ta riƙe marigayiya da komai ba. Tsohuwa ta yi wata biyar tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta, kuma a Asabar ɗin da aka nemi a yanke zaren, lafiyarta ƙalau, idonta buɗe. Wadda ta ƙi ita ce mai lafiyar hannu da almakashi a aljihun tebur. Wannan ne ke cin Malama, ba rashin kwamfuta ba.

Game da jana'iza, ba za a kai marigayiya ko'ina ba, tunda mai ita ba ta da izinin sauka. An naɗe ta da tawul mai tsabta an ajiye. Ba zaman makoki, kuma ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo, ba don ba a so ba. Da hannu aka rubuta wannan sanarwa, aka tura ta ƙarƙashin ƙofa, maƙwabciya ce za ta ɗauki hotonta ta aika.

Za a yi bankwana ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe huɗu daidai, kamar haka. Malama za ta yanke zaren, ta kira Ungozoma da 'yar ƙaramar waya. Ungozoma za ta kara wayar da aka kira a bakin ɗaya wayar tata, wadda ke haɗe da Direba da ɗakin killacewa. Nas za ta kara wayar ɗakin a kunnen Tela. Nas ɗin ta ce tun Talata aka sa masa injin numfashi, ba ya magana, amma in an kira sunansa yatsarsa tana motsi. Malama ta auna kaurin babin da yatsa, bai fi shafi tara ba, kuma minti goma ne, don haka za a yi karatu da sauri, ba komawa baya. Ana roƙon Direba ya kama bakinsa har a gama. Ana roƙon Ungozoma ta cika cajinta tun safe.

Ana roƙon Tela, don girman Allah, ya jira Asabar.